Ba-Jira da Ɗan Jan Jirgi

A tashar motocin haya babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Ba-Jira ake ce masa, shi ma da shi yake amsawa, har da ɗan alfahari. Direban tasi ne, mutum mai fara'a da sakin hannu, mai son iyalinsa, wanda ba a taɓa jin ya cuci kowa ba. Aibinsa ɗaya ne tak, amma aibin nan ya ishi mutum goma: ba ya iya jira. Shayi da zafinsa yake kurɓa, shi ya sa kullum harshensa a ƙone yake. Idan ya sa waya a caji, kafin ta farfaɗo ya zare ta. Mai aski ya taɓa biyo shi har bakin titi da almakashi a hannu, domin ya tashi da rabin kai a aske wai aikin ya cika nawa.

A kan hanya kuwa abin ba a cewa komai. Ba-Jira ya yi imani, imanin da babu mai iya cire masa, cewa duk layin da ba ya ciki shi ne ke tafiya. Idan cunkoso ya haɗu sai ya zura hancin mota dama, da ya shiga dama sai hagu ta motsa, sai ya koma hagu. Fasinjoji su yi ta salati suna ƙanƙame kujera, shi kuwa yana cewa, "Ku kwantar da hankalinku, na san yanke." Sau da yawa yanken nan yakan fito da su daidai bayan motar da suka baro, amma ko a jikinsa.

'Ya'yansa biyu ne, duk mata. Babbar ana kiranta Yaya, yarinya ce mai hankalin manya da kallon da ke sa mutum ya gyara zama. Ƙaramar kuwa Auta ce, 'yar shekara biyar, ko da yake kwanakin autancinta sun kusa ƙarewa, domin cikin mamarta ya tsufa.

Da aka ba da hutun makaranta, masu kayan wasan yara da ke yawo gari-gari suka zo suka kafa kayansu a babban filin bayan gari. Akwai dawakan roba masu juyawa, akwai ƙaton lilo mai kama da tayar keke wanda ke ɗaga mutum sama, akwai ƙananan motoci masu karo da juna. Amma duk waɗannan ba su dami Auta ba. Wata rana sun wuce ta wurin, ta hango wani ɗan jirgin ƙasa ja ta cikin wayar shinge yana zagaya filin, yara a ciki suna ɗaga hannu, yana busa usur. Tun daga ranar babu wata magana a gidan sai ta jirgin nan. Ta jera takalman gidan ta mai da su taragu. Ta koyi busa usur da baki har mamarta ta fara ciwon kai. Kowace safiya kafin ta wanke ido sai ta tambaya, "Baba, yau ne?"

"Ba yau ba," in ji Ba-Jira. "Ku bar ni da lissafina. Yanzu kowa can ya nufa, sai layi. Ranar ƙarshe za mu je, lokacin kowa ya gaji ya zauna a gida. Mu shiga, mu hau komai, mu fito."

Matarsa ta ce, "Baban Yaya, yarinyar nan jirgi kawai take so. Mu je ko yau ne mu bi layin."

"Ke dai ba ki san hanya ba," ya ce, yana ƙona baki da shayi.

Ranar ƙarshe ta zo. Tun matarsa na ɗaure wa Auta igiyar takalmi yake danna hon a ƙofar gida. Da suka isa filin sai murmushinsa ya ɗauke, domin ashe rabin garin irin lissafinsa suka yi. Mutane ne maƙil, ko'ina iyaye da yara, ga masu sayar da balan-balan, ga kiɗa daga lasifika. A bakin ƙofa aka ɗaura wa yaran wani ɗan awarwaron takarda a hannu, wanda da shi za su hau duk abin da suke so har a tashi. Auta ta riƙa ɗaga hannunta sama kada wani ya goge mata shi.

Matarsa ta samu inuwar wata bishiya ta shimfiɗa tabarma, ta zauna da ƙyar, ta jawo kwandon abinci kusa. "Ni ƙafafuna ba za su ɗauki tsayuwa ba," ta ce. "Ga layin jirgin can. Don Allah, Baban Yaya, ka tsaya a cikinsa. Tsayawa kawai."

"Sai ka ce yaro ake wa bayani," ya ce. "Kafin ki buɗe kwandon nan mun dawo."

Layin jirgin yana da tsawo, amma yana tafiya. Duk zagayen da jirgin ya yi, sai a sauke wasu a ɗebi wasu, layin ya matsa. A bayansu wani ƙaton mutum ne mai lema, riƙe da tagwayensa, yana tsaye hankali kwance kamar wanda ya zo shan iska. Ba-Jira kuwa tuni ya fara kaɗa mukullai. Ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa tana sakewa, tana neman totur inda babu. Ya leƙa gaba, ya leƙa baya, sannan idonsa ya faɗa kan layin dawaki, wanda bai kai rabin nasu ba.

"Ku zo," ya ce. "Mu je mu hau dawaki. Kafin mu dawo nan ya ragu."

Yaya ta ce, "Baba, Mama ta ce mu tsaya."

"Mamarku ta taɓa tuƙi? Ku zo."

Auta ta waiwayi jirgin. "Za mu dawo?"

"Yanzu-yanzun nan, uwata."

Mai lema ya matsa ya cike gurbinsu, har da yi musu sallama.

Layin dawaki gajere ne, gaskiya, sai dai dawakan ba su da yawa, kuma idan suka fara juyawa ba sa ƙosawa. Ba-Jira ya tsaya yana kallon yaran mutane suna wucewa suna dawowa, suna wucewa suna dawowa, har ya fara jin haushin wani yaro mai jar hula da bai yi masa komai ba. Sun kusa kaiwa gaba ke nan sai ya hango wani layi can gefe yana zuba gudu. Mutane na shiga, layin na haɗiye su. Zuciyar direba ta buga.

"Wancan! Kun ga layi na mutanen kirki? Ku kama hannuna."

"Baba, na mene ne?" in ji Yaya.

"Ko na mene ne, yana tafiya."

Layin ya tafi kuwa. Ya zagaya bayan wani tanti, ya bi ta gefen janareta, Ba-Jira yana ta yaba wa masu kula da shi, yana cewa da haka ake aiki a ƙasa da an ci gaba. Da suka sha kwana ta ƙarshe sai ga su a ƙofar banɗaki. Wata tsohuwa da ke zaune a wurin ta miƙo masa buta.

Yaya ta dube shi da kallon nan nata. Shi kuwa ya gyara murya ya ce, "To ai da ma ya kamata ku shiga, kada ya kama ku a cikin jirgi." Babu wadda ta ji fitsari, amma sai da ya sa suka shiga, don kada tsayuwar ta tashi a banza.

Daga nan suka nufi motoci masu karo, domin ya ce wannan fanninsa ne. Sun yi rabin layi sannan Yaya ta nuna masa wani allo mai zanen tsawo. Aka gwada Auta, ko da ta yi ɗage ba ta kai ba. Suka fita. Suka gwada ƙaton lilo, rana ta buɗe a kansu, ya ce wannan layin ba na mai iyali ba ne. Suka fita. Cikin wannan yawon ne suka ji usur, suka juya, sai ga ɗan jan jirgi yana wucewa ta gabansu, ga mai lema a tarago na farko ya cika kujera, tagwayensa suna ihu. Ya gane su, ya ɗaga musu lemar.

"Baba, ba shi ne na bayanmu ba?" in ji Auta.

"Kama ce," in ji Ba-Jira.

Suka koma layin jirgi suka tarar ya ninka. A nan ne Ba-Jira ya tuna da babbar dabarar sana'arsa. A kan titi, idan ka zura hancin mota a hankali kana kallon wani gefe, dole a ba ka hanya. Ya ja yaran ya matsa kusa da gaba, ya tsaya a gefen wata mata mai goyo yana duba wayarsa, ya sa kafaɗa ɗaya, ya sa ƙafa ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne, direban da ka shiga gabansa hon kawai zai danna, amma uwar da ta daɗe a rana da goyo a baya ba ta da hon, baki gare ta.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Ai da ma a nan muke."

"A nan ina? Jama'a, kun ga wannan bawan Allah a nan?"

Kafin ya buɗe baki mata sun yi masa ca. Wata ta ce tun ɗazu take ganinsa yana zagaye kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Wata ta ce ita a layin banɗaki ta gan shi. Aka yi masa wankin babban bargo, har ma'aikacin da ke riƙe da sarƙar ƙofa ya zo ya raka shi ƙarshen layi da kansa. Yaya ta sunkuyar da kai don kunya, Auta kuwa ta ɗauka gaisawa ake yi da babanta, tana ta ɗaga wa matan hannu.

Duk da haka bai daddara ba. Ya ce wa mutumin da ke gabansa, "Ina bayanka." Ya ruga layin dawaki ya ce wa wani, "Ina bayanka." Ya je layin lilo ya faɗa wa na uku haka. A ganinsa yanzu yana da layi uku suna yi masa aiki. Da ya dawo nema sai ya tarar duk mutanen fararen riguna ne da su, ya rasa bayan wa yake. Ya dafa kafaɗar wani, mutumin ya ce bai taɓa ganinsa ba a duniya.

Rana ta fara sanyi. Matarsa ta gaji da jira, ta taso tana dafe da ƙugu ta same su a tsakiyar fili, yaran sun yi wujiga-wujiga, leɓunansu sun bushe.

"Me kuka hau?"

Ba-Jira ya hau duba wayarsa.

"Auta, me kika hau?"

"Mun shiga banɗaki," in ji Auta.

Matar ta dubi mijinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun rigarsa kamar yadda ake kama yaro, ta kai shi ƙarshen layin jirgi ta tsayar da shi. "Baban Yaya, nan. Ko gobara ta tashi, nan. Ko ka ga ana rabon motoci kyauta a wancan layin, nan." Ta ba yaran ruwa da biskit, ta koma inuwarta.

Ya tsaya kuwa. Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Ya cusa mukullai a aljihu, ya harɗe hannuwa, ya daina kallon gefe. Layin ya riƙa matsawa, suka wuce mai sayar da balan-balan, suka wuce sandar fitila, har suka fara jin ƙamshin fentin jirgin. Auta ta kama rawa a tsaye. Ta riga ta zaɓi taragonta, na biyu, mai zanen tauraro. Zagaye ɗaya ko biyu ya rage a zo kansu.

Sai jirgin ya shigo tasha, ya yi tari, ya yi shiru. Matuƙinsa ya sauko, ya buɗe murfin inji, ya leƙa, ya tafi bayan tanti.

Mutane suka fara gunaguni. Ba-Jira ya karkata kunne, ya girgiza kai irin na masana. "Kun ji tarin nan?" ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Inji ya buga. Ni direba ne, da kunne nake gane ciwon mota. Wannan ba zai ƙara tashi yau ba, ko bakanike goma aka kawo."

"Baba, mu ɗan jira," in ji Yaya.

"Jiran me? Mu tsaya gadin gawa? Gara mu samu dawaki kafin a tashi, kada mu koma gida hannu rabbana."

Auta ta ƙanƙame sarƙar da ke gefen layi da hannu biyu. "Baba, ni jirgi nake so."

"Jirgin ya mutu, uwata. Zo." Ya ɓamɓare 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya saɓa ta a kafaɗa. Na bayansu suka matsa gaba suna yi masa godiya.

Ba su kai ga dawaki ba suka ji usur. Ba-Jira ya tsaya cak. Ya waiwaya, ga matuƙin yana ajiye jarkar mai da ya je ɗaukowa, ga hayaƙi na fita, ga yara na rububin shiga. A daidai lokacin lasifika ta yi magana: an gode wa kowa, lokacin tashi ya yi, waɗanda ke cikin layi kawai za a ƙarasa da su.

Ya yi gudun da bai taɓa yi ba tun yana saurayi, Auta na tsalle a kafaɗarsa, takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba. Ya tarar an ja sarƙa a ƙarshen layin.

"Don Allah, ɗan'uwa, a nan muke tsaye! Can gaba ma muke! Tambayi kowa!"

Ma'aikacin ya dube shi ya gane shi. "Kai ne na ɗazu."

"Ba don ni ba, don yarinyar nan."

Ma'aikacin ya nuna masa sauran yaran da ke tsaye a bayan sarƙa, wasu na kuka, wasu na jan rigar iyayensu. "In na buɗe maka, me zan ce wa waɗannan?"

Daga cikin layi wani ya ɗaga murya, "Malam direba, ashe gawar ta tashi!" Aka bushe da dariya.

Suka tsaya a bakin shinge suna kallon jirgin ya yi zagayensa na ƙarshe. Ba-Jira ya so a ce Auta ta yi kuka, ta yi birgima, ta dake shi, da ya fi masa sauƙi. Amma ba ta yi ba. Ta dai ɗaga hannu mai awarwaron takarda tana yi wa yaran da ke ciki bai-bai, duk lokacin da suka wuce. A mota matarsa ta rungume Auta tana kallon taga. Wannan ya fi masa zagin matan layi ciwo.

Gari na wayewa ya ɗauki Auta a mota, da nufin ya je ya roƙi masu wasan ko zagaye ɗaya su yi mata kafin su kwance kaya. Ya tarar da fili fayau, sai fasassun balan-balan da sawun tayoyi. Ya juya mota ya hau babban titi, bai yi nisa ba ya cim ma wata babbar mota tana tafiya kamar ba ta so, ta tare hanya. Hannunsa ya kai kan sigina da kansa, ya leƙa zai wuce.

"Baba! Baba, ga shi!"

Ya ɗaga ido. A bayan babbar motar, ɗaure da igiyoyi, ga ɗan jan jirgi, taragunsa a jere, na biyun da tauraronsa.

"Kada ka wuce shi, Baba. Don Allah."

Ba-Jira ya kashe sigina. Ya ɗage ƙafa daga totur ya bi bayan motar a hankali. Motoci suka taru a bayansa suna danna hon. Wani abokin aikinsa ya zo wucewa, ya leƙo ya ga waye, ya rage gudu yana tambaya ko motar ce ta lalace ko shi ne ba lafiya. Ba-Jira ya yi masa alama da hannu ya wuce. Haka suka bi jirgin har ƙarshen gari, Auta ta manna goshi a gilashi tana busa usur da baki a hankali.

Sun kusa mararrabar da babbar motar za ta ɗauki hanyar wani gari, sai Auta ta waiwaya ta ga jerin motocin da ke bayansu. Fuskarta ta washe.

"Baba, ka gani? Yau mu ne a gaba. Idan ya tsaya, mu za mu fara hawa."

Babbar motar ba ta tsaya ba. Ta sha kwana ta miƙe, jan jirgin ya riƙa ƙanƙancewa har ya ɓace. Ba-Jira ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari, ya daɗe bai ɗago ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai rashin haƙuri yakan ɗauka lokaci yake ceto, alhali shi ne ya fi kowa asararsa. Ba-Jira bai rasa ƙauna ba, bai rasa niyya ba, tsayawa wuri ɗaya kawai ya kasa, kuma wadda ba ta yi laifin komai ba ita ta ɗauki hasarar. Idan ka fita da yara, ka tuna ranar tasu ce. Ka tambayi abin da suke so, ka tsaya a kansa har su samu, ko da layin maƙwabcinka ya fi naka gudu. Babba yana iya cewa wata shekara ma rana ce, amma yarinyar da ke son ɗan jan jirgi bana, baɗi ta girma ta wuce shi.